Yadda Ake Raba Gida Da Macizai, Mataki Bayan Mataki

Da zarar ruwan farko ya sauka, tambaya ɗaya ce ke dawo min ta bakuna daban-daban: wane magani zan barbaɗa a gida maciji ya daina shigowa? Wani ya tsinci saɓa a bayan randa, wata ta ɗaga buhun gawayi ta ga abu ya sulale, wani kuma ƙwan kajinsa ne ke ɓacewa ba ko ɓawo. Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa mutane daɗi, domin babu wannan maganin. Maciji ba don kai ya zo ba. Abinci ya biyo, ko wurin ɓuya, ko ruwa da inuwa. Ka janye waɗannan, shi da kansa zai canza hanya. Ka bar su, ko buhun magani ka juye a tsakar gida, wanda ka kashe yau ɗan'uwansa zai gaje shi.

Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana da jeri. Wanda ya toshe kafofi kafin ya duba ciki, ya kulle maciji tare da iyalinsa. Wanda ya fara sassabe daga bakin katanga ya nufo ɗaki, ya koro abin da ke cikin ciyawa zuwa ƙofarsa.

Kayan da za ka tanada

Takalmin roba mai tsawo har ƙwauri, ko duk wani rufaffen takalmi mai kauri, da dogon wando mai nauyi wanda bai ɗame ƙafa ba. Safar hannu ta fata. Tocila mai haske sosai. Sanda da ta kai mita ɗaya da rabi. Manjagara, shebur, adda ko lauje. Domin toshe kafofi kuma: siminti, yashi, cokalin magini, ƙusoshi, guduma, almakashin yankan waya, da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 6 ba.

Ragar nan ita ce za ta fi cin kuɗi a cikin kayan, kuma a wurinta ake yin kuskuren farko. Ragar da ake yi wa kaji keji mai manyan idanu ta fi araha, sai dai maciji na ratsa ta kamar babu. Ragar sauro ta roba kuwa ɓera zai ɓula ta cikin dare ɗaya. Ka tafi da fensir wurin saye: in fensir ya shige ta idon ragar, ka bar musu abarsu. Matakai huɗu na farko ba sa buƙatar raga, yawancin aikinsu gumi ne, don haka rashin kuɗin raga ba uzurin jinkiri ba ne.

1. Zagaya gidan da ido kafin ka taɓa komai

Ka yi zagaye biyu, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan duhu ya yi, da tocila. Da rana kana neman shaida: saɓa, sawun jan ciki a kan ƙasa mai laushi, da kashi. Kashin maciji baƙi-baƙi ne mai fari kamar alli a gefe guda, kuma in ka tona shi da tsinke sau da yawa za ka ga gashin ɓera ko ƙananan ƙasusuwa. Da dare kana duba abin da ke yawo: ina kwaɗi ke taruwa, ta ina ɓeraye ke bi.

Duk ramin da ka gani a gindin bango ko ƙarƙashin dakali, kada ka cike shi tukuna. Dunƙule takarda ka cusa a bakinsa sama-sama da sanda, ka barbaɗa toka mai laushi a gabansa, ka bar shi kwana biyu. In takardar na nan yadda ka sa ta, babu mai shiga. In an ture ta, tokar za ta gaya maka wane ne: ɓera na barin ƙananan sawaye, maciji na barin layi sumul mai lanƙwasa. Yi wa kowane rami da kowace tsaga alama da alli ko gawayi, don in ka zo da siminti ba za ka tuna rabinsu ba.

*Gargaɗi:* kada hannunka ya shiga inda idonka bai riga ya shiga ba. Ko ƙarƙashin tukunya ne, sanda ta fara.

2. Yanke masa abinci

Nan ne gindin maganar, kuma nan mutane suka fi ƙyuya. Gidan da ɓeraye suka yi wa yawa, kiran maciji yake yi dare da rana. Maciji da harshensa yake ɗanɗanar iska da ƙasa, yana bin sawun ɓera har cikin raminsa, ya cinye mai ramin, ya zauna a ciki. Yawancin macizai ba sa haƙa rami da kansu, na wasu suke gada.

Hatsi da duk abin da ake ajiyewa a buhu su koma cikin ganga ko durom mai murfi. In dole a bar su a buhu, a ɗora kan katako mai ƙafa, a janye daga bango tazarar da mutum zai iya leƙa bayansa da tocila. Ragowar abinci da kwanukan da ba a wanke ba kada su kwana a waje. Kwandon shara ya kasance da murfi mai kamawa. Abincin kaji ko na kare da aka zuba da yamma, a kwashe abin da ya rage kafin duhu. Dabbarka ta ƙoshi ta kwanta, sauran na ɓeraye ne.

Sai tarko. Tarkon ƙarfe mai faɗawa ya fi komai, kuma ba shi da tsada. A jera shi a jikin bango, domin ɓera ba ya son ratsa fili, gefen bango yake bi. Kada ka ɗana ɗaya ka ce ka yi aiki. Ɗana shida ko takwas a dare guda, ka duba da safe, ka ci gaba har a yi mako guda ba ka kama komai ba.

*Gargaɗi:* gubar ɓera ba ta san ɓera ba. Yaro mai rarrafe, kaza, kyanwa, duk tana kashewa, kuma kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana cikin haɗari. In ka ga ba makawa, a sa ta cikin akwati mai ƙaramar ƙofa inda hannun yaro ba zai kai ba.

Kwaɗi su ne abinci na biyu, kuma gamsheƙa na son su ƙwarai. Abin da ke tara su ruwa ne da haske. Famfo mai ɗiga, ruwan wanki da ke kwanciya a bayan ɗaki, tsohuwar taya da ruwan sama ya cika: a gyara, a yi wa ruwa hanya, a kifar. Ƙwan lantarkin da ke bisa ƙofa kuwa yana tara ƙwari, ƙwari su tara kwaɗi, kwaɗi su jawo mai cin su, duk a daidai inda kake ajiye takalmi. Ba cewa na yi a zauna cikin duhu ba. A matsar da fitilar nesa da ƙofa ta riƙa hasko hanya daga can, ko a sa ƙwai mai ruwan ɗorawa, wanda ƙwari ba su cika damuwa da shi ba.

3. Kwashe tarkace, daga jikin ɗaki zuwa waje

Kafin ka fara, a rufe ƙofofi da tagogi, a shigar da yara da dabbobi, a buɗe ƙofar waje. Ka fara daga jikin bangon ɗaki kana yin gaba, yadda duk abin da ka tayar zai ga hanyar gudu a gabansa.

Abin da ya fi soyuwa ga maciji shi ne tsohon kwanon rufi da aka yar a ƙasa. Rana ta ɗumama shi, ƙarƙashinsa duhu, ɓera ma na son wurin. Bayansa sai tulin bulo da ya rage daga gini, tayoyi, tsofaffin buhuna, fasassun tukwane, tulin ganye, da motar da ta shekara ba ta motsa ba. Abin da ba ka taɓa ba shekara biyu, ka rabu da shi. Wanda za ka ajiye, ka ɗaga shi daga ƙasa. Itacen girki a yi masa gado mai tsayin santimita 30 ko fiye, nesa da ɗakin kwana, yadda za a iya ganin ƙarƙashinsa daga tsaye. Kwano a jingina shi tsaye. Bulo a jera shi a matse ramukansa na kallon ƙasa.

*Gargaɗi:* in za ka ɗaga kwano ko allo, ka kama gefen da ke nesa da kai da manjagara ka jawo shi wajenka, sai kwanon ya zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa. Wanda ya ɗaga gefen da ke gabansa ya buɗe wa maciji ƙofa kan yatsun ƙafarsa.

Kada ka dogara da cewa motsinka zai kore su. Gaskiya ne maciji na jin girgizar ƙasa, kuma da yawansu na sulalewa tun kafin ka iso. Amma kasa ba ta gudu, lafewa take yi cikin busasshen ganye ta saje da shi har sai an taka ta. Kububuwa kuma ƙarama ce, sau da yawa ba ta fi kamu ɗaya ba, launinta na ƙasa. In ka ji wani sauti kamar ana goga takardar yashi, ita ce ke goga jikinta tana yi maka kashedi. Tsaya cak, ka gano inda take, ka ja da baya.

4. Ciyawa da rassa

Ciyawa kada ta wuce idon sawu. Maciji ba ya son ratsa fili inda shaho zai hango shi, don haka ka bar tazarar mita ɗaya kewaye da ginin babu shuka ko ɗaya, ƙasa ce tas ko daɓe. Furannin da suka yi duhu a sassabe ƙasansu har a riƙa ganin gindinsu. Reshen da ya taɓa rufi ko ya kwanta kan katanga a datse, haka ma duk wani abu mai yaɗo da ya hau bango. Ciyawar da aka yanke a kwashe ran nan, in ta kwana uku a tule ta zama sabuwar maɓoya.

*Gargaɗi:* kada a cinna wa ciyawar bayan gida wuta don korar macizai. Ban da haɗarin gobara, duk abin da wutar ta koro, ɓera da maciji, gidan da ya fi kusa zai nufa.

5. Toshe kafofi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, maciji ma haka. Ma'auninka shi ne fensir ɗin nan: duk inda ya shiga, ɗan maciji zai shiga, kuma ɗan maciji mai dafi da dafinsa yake zuwa duniya.

Fara da cikin ɗakuna. A janye gado da kabad, a haska bayansu, a duba cikin silin in akwai ƙofar leƙawa. Sai ka tabbata babu baƙo a ciki sannan ka kwaɓa siminti, awo ɗaya na siminti da uku na yashi. Ramin ɓera a fara cusa masa tsakuwa ko guntun raga a daddanne, sannan a shafe, in ba haka ba ɓera zai sake buɗe shi ta gefe. Tsumma, soso da kwali ba toshi ba ne.

Wuraren da suka fi muhimmanci:

Ƙarƙashin ƙofa. Shiga ɗaki da rana ka rufe ƙofa ka duba ƙasa. In haske na shigowa, maciji ma zai iya. A buga doguwar roba mai kauri a gindin ƙofar yadda za ta riƙa sharar daɓe, ko a ɗaga dokin ƙofa da siminti. Ƙofar ɗakin girki da ta ɗakin ajiya su ne aka fi mantawa, alhali su ne ɓera ya fi so.

Inda bututun ruwa ko wayar wuta ya ratsa bango. Mai aiki ya fasa rami ya fi bututun girma, ya tafi ya bar shi. Duba ƙarƙashin wurin wanke kwanuka da bayan masai.

Tsakanin bango da rufi, da ramukan shan iska. A buga musu raga. Macizai da yawa na hawa, musamman inda bango ke da kaushi ko tsuntsaye suka yi sheƙa.

Murfin shadda da bututun iskarta. Murfin da ya fashe a sake shi, bakin bututu a ɗaure masa raga. Masan rami a yi masa murfi mai zama daidai.

Rariya. A nan ni na sha kunya. Na taɓa ɓata kwana biyu ina toshe kowace tsaga a gida, na buga roba a ƙofofi, na zauna ina jin na gama. Bayan sati ɗaya, da asuba, na haska tocila wajen wanka sai ga saɓa ɗanya shar, rabinta a cikin rariya rabinta a waje, har zanen idon ana gani a jikinta. Ramin da ruwan wanka ke fita ta gindin katanga ya kai faɗin tafin hannu, kullum da danshi, kwaɗi na kwana a bakinsa, kuma ni ban ɗauke shi kafa ba tunda ruwa ke bi. Yadda ake yi: a yanko raga ta fi ramin faɗi da yatsu uku ta kowane gefe, a kafa ta ta waje, a riƙe gefunanta da siminti. In rariyar na ɗaukar ruwan sama mai yawa, gara a yi wa ragar firam mai zamewa, don a riƙa zare ta ana kakkaɓe shara. Ragar da ta toshe da ganye za ta mayar maka da ruwa cikin gida, ranar kuma wani zai fizge ta ya yar, ba wanda zai mayar.

6. Akurki

Mai kiwon kaji ya ajiye abu uku a wuri ɗaya: ƙwai, 'yan tsaki, da tsabar da ke kiran ɓera. Akurki ya yi nesa da ɗakin kwana iyakar yadda fili ya bari. A ɗaga shi daga ƙasa ko a yi masa daɓen siminti, a zagaye shi da ragar milimita 6 har da sama, a duba bakin ƙofarsa. A kwashe ƙwai kullum kafin yamma. Abin da kan faru da raga mai manyan idanu shi ne maciji ya shiga da cikinsa a lafe, ya haɗiye ɗan tsako, ya kasa fita. Da safe mai zuwa ɗibar ƙwai, sau da yawa yaro, ya zura hannu cikin duhu. Don haka ko akurkinka ya kai yaya kyau, a haska kafin a sa hannu.

Kyanwa na taimakawa ta wajen rage ɓeraye. Zabi da kare kan yi kururuwa in sun ga maciji, wannan ma amfani ne. Amma kada ka ɗauke su masu gadi. Kare na yawan shan sara a fuska saboda shisshigi, kyanwa kuma takan kamo ɗan maciji da ransa ta kawo maka har ɗaki.

7. Shinge, ga mai hali

Wannan ne mataki mafi tsada, kuma da gangan na sa shi a baya. Wanda gidansa ke bakin daji, gona ko fadama zai amfana da shi. Wanda ke da katangar bulo da aka shafe sumul, ba ya buƙatarsa, abin da ke gabansa shi ne ƙarƙashin babbar ƙofa da ramukan ruwa.

In za a yi, raga ce dai mai ido milimita 6, tsayinta sama da ƙasa kamar santimita 90, a binne santimita 10 zuwa 15 a cikin ƙasa, a karkatar da ita waje kaɗan, kimanin digiri 30, don mai hawa ya faɗo baya. Turakun su kasance ta ciki, in suna waje sun zama tsani. Ƙofar shingen ta zauna daf da dandamalin siminti. Auna kewayen da igiya kafin ka sayi raga, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda haɗi da kusurwa. In kuɗin bai kai na gida duka ba, a zagaye inda yara ke wasa kawai. Shingen da aka bar wa gurbi ɗaya ya fi babu muni, domin macijin da ya shiga zai yi ta bin raga bai sami mafita ba.

8. Abin da za a saba da shi in dare ya yi

Sara da yawa a ƙafa yake samun mutum, da magariba ko cikin dare, a hanyar bayan gida. Tocila da rufaffen takalmi, ko fitar minti ɗaya ce. Takalmin da ya kwana a waje a kife shi a bubbuga kafin a sa. A kwanta a kan gado in da hali, a janye shi daga bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa. Gidan sauro da aka cusa gefunansa ƙarƙashin katifa ko tabarma yana tare maciji kamar yadda yake tare sauro, kuma ga mai kwana a ƙasa babu kariyar da ta kai shi araha. A ninka hankali bayan ruwa mai ƙarfi, lokacin da ramuka suka cika, kowa na neman busasshen wuri.

Inda kuɗi ke tafiya a banza

Kafur, farar wuta, kananzir, baƙin mai, tafarnuwa, garin da ake sayarwa a kwalba da hoton maciji, da na'urar da ake kafawa a ƙasa wai tana girgiza: babu wanda na yarda in ce ka dogara da shi. Maciji na bi ta kan farar wuta ya wuce. Wanda ya ce ya zuba bai sake gani ba, ka tambaye shi, yawanci ranar da ya zuba ita ce ranar da ya share gidan. Shuke-shuken da ake cewa maciji na tsoro ma haka, in sun yi duhu inuwarsu zai shiga ya kwanta.

Wasu ba a banza kaɗai suka tsaya ba. Ƙwallon kafur ya yi kama da alewa a idon yaro, kuma yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga yaran da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin. Fetur a rami kuwa gobara ce, yana gurɓata rijiya, kuma yana fito da maciji a fusace daidai inda kake tsaye. Tarkon danƙo na kama maciji, amma ya bar ka da maciji mai rai manne a kwali, bakinsa a sake.

9. In kun yi ido huɗu

Ja da baya a hankali, taku uku ko huɗu. Yawanci maciji ba ya kai sara nesa da kimanin rabin tsawonsa, amma mai tofi na iya watsa dafi a ido daga mita biyu ko fiye, don haka in ya fasa kai, ka ƙara nisa ka kau da fuska. In a waje ne, a janye yara a bar masa hanya. Ruwa daga tiyo, daga nesa, yakan sa ya ƙara sauri.

In cikin ɗaki ne, kowa ya fita, a rufe ƙofa, a cusa tawul a ƙarƙashinta, a sa mutum ɗaya ya tsaya yana lura ta taga, a kira wanda ya ƙware da kama su ko hukumar da ke kula da namun daji. Nemi lambarsu tun yau. Taron mutane da sanduna a ƙaramin ɗaki shi ne yadda ake samun sara, domin macijin da aka ritsa ba shi da abin yi sai faɗa. Ba kowane maciji ke da dafin kisa ba, da yawansu ɓerayenka suke rage maka, amma da tocila cikin firgici ba lokacin tantancewa ba ne.

*Gargaɗi:* in an riga an kashe shi, kada kowa ya taɓa kan da hannu. Kan da aka sare yana iya sara bayan awa guda ko fiye. A ɗauke da shebur a binne da zurfi.

10. In tsautsayi ya faɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara sanadin saran maciji, kuma tun 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Babban abin da ke kashewa shi ne jinkiri.

A matsar da mutum daga wurin. A cire zobe, agogo, munduwa da takalmi kafin kumburi ya fara. A kwantar masa da hankali, a ɗaura wa gaɓar sanda sako-sako kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya yi gudu. A lura da lokacin da abin ya faru. A nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi kai tsaye, kuma sanin wane asibiti ne ke da ita aikin yau ne, ba na daren da abin ya faru ba. In yana amai ko ya fara lumshewa, a kwantar da shi ta gefen hagu.

Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, ba a sa ƙanƙara, ba a jona wuta. Ɗaurin nan ya jawo an yanke hannuwa da ƙafafun da dafin kansa bai kai ya lalata ba. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. In yana jin zafi sosai, farasitamol ya isa kafin a kai. Kada a ɓata lokaci neman macijin, hoto daga nesa ya wadatar in ya samu cikin sauƙi. Kuma ko mutum ya ce garau yake ji, a tafi. Saran kububuwa kan yi shiru na sa'o'i, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Dafi a ido kuwa, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a buɗe fatar idon ana kwarara na kusan kwata ɗin awa, ba murzawa, sannan asibiti.

11. Komawa zagaye

Siminti na tsagewa, roba na cinyewa, ɓera na sabon rami. Ka sake zagayen mataki na ɗaya sau ɗaya a wata, sau biyu in damina ta kankama, da fensir a aljihu. Washegarin duk wani ruwa mai ƙarfi kuma, kafin komai, ka je ka duba ragar rariya da gindin shinge, inda ruwa kan zaizaye ƙasa ya buɗe hanya ta ƙarƙashi. In filin da ke maƙwabtaka da kai kango ne da ciyawa ta cinye, ka nemi mai shi ku yi magana, ko ka roƙi izini ka sassabe ko da mita biyu ne daga jikin katangarka.